Fashin Baƙi: In Duk Intanet Ɗaya Ake Hawa, Me Ya Hana Manhajoji Jin Maganar Juna?

Tun da Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin aiki na tsarin buɗaɗɗen banki a watan Maris na 2023, ake ta nanata cewa lokaci ya yi da kowace manhaja za ta iya magana da kowane banki, kuma duk wanda ya gaji da kamfanin da yake hulɗa da shi zai tattara nasa ya nasa ya koma wani ba tare da asara ba. Masu tallar manhajojin makarantu da na asibitoci da ke yawo a ofisoshin Sakkwato su ma kalmar da ke bakinsu ke nan, wai kayansu na aiki a kan kowane dandali. Amma mai POS a Kasuwar Daji da ya ajiye na'ura uku a kan teburinsa saboda kowace da kamfaninta, da mai makarantar kuɗi a Mabera da ya sauya kamfanin karɓar kuɗi ya tarar sai an sake rubuta masa rabin manhajarsa, suna da damar tambaya: idan har kowa intanet ɗaya yake hawa, me ya sa haɗa manhaja da manhaja ke cin kuɗi da lokaci haka, kuma wane irin 'yanci ne ake nufi idan an ce manhaja ba ta ɗaure da dandali ɗaya?

Taga da dandali: ma'anar kalmomin

Abin da masana ke kira API taga ce da wata manhaja ke buɗewa domin wata manhajar ta miƙo buƙata ta karɓi amsa, ba tare da ta shiga cikin ɗaki ta ga yadda ake aiki ba. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta waya ya ga aikinta da idonsa. Da zarar ka rubuta lambar asusu mai alƙaluma 10 ka zaɓi banki, sai sunan mai asusun ya fito kafin ka danna turawa. Manhajar bankinka ba ta san mutumin ba. Tambaya ta aika ta hannun NIBSS, cibiyar da aka kafa a 1993 domin daidaita biyan kuɗi tsakanin bankunan ƙasar nan, ita kuma ta isar wa bankin mai asusun, amsa ta dawo cikin daƙiƙu. Idan irin wannan taga ta bi ta hanyar da shafukan intanet ke bi, wato HTTP, ita ake kira hidimar yanar gizo.

Dandali kuwa shi ne ƙasar da manhaja ke tsaye a kai: irin na'urar, da babbar manhajar da ke tafiyar da ita kamar Windows ko Linux ko Android, da yaren da aka rubuta ta da shi kamar Java ko PHP ko Python. A asalin ma'anarsa, 'yancin dandali yana nufin mai tambaya da mai amsa ba sai sun tsaya a ƙasa iri ɗaya ba. Wayar Android ta ɗan kabu-kabu tana iya tambayar tsohuwar kwamfutar banki da aka rubuta wa manhaja da yaren COBOL, matuƙar sun yarda da siffar saƙon da za su yi musaya. Iyakar alkawarin ke nan. Bai ce za ka iya barin kamfani ka koma wani cikin sauƙi ba, kuma daga cakuɗa waɗannan abubuwa biyu ne yawancin ruɗanin ya samo asali.

Zamanin da kowa ke da yarensa

A shekarun 1990 manyan kamfanoni sun yi ƙoƙarin warware matsalar, sai dai kowanne ya warware ta ne ta hanyar da za ta jawo kasuwa gidansa. Wata ƙungiyar kamfanoni mai suna OMG ta fitar da wata hanyar haɗa manhajoji mai suna CORBA a 1991. Microsoft ta zo da DCOM a 1996, wanda ya fi sakewa idan ɓangarorin biyu duk Windows ne. Kamfanin Sun, wanda ya fito da Java a 1995 da kirarin cewa a rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki a ko'ina, shi ma yana da tasa hanyar mai suna RMI, wadda ke son Java a can da nan. Ko CORBA da aka gina domin haɗa kowa, sau da yawa kayan kamfani ɗaya ba sa daidaita da na wani duk da cewa littafi ɗaya suka karanta. Ga kuma katangar tsaro da ma'aikatu ke kafawa, wadda ke toshe ƙofofin da waɗannan hanyoyi ke bi, ta bar ƙofa mai lamba 80 a buɗe domin ta nan shafukan intanet ke shiga.

Rigimar Java ta nuna yadda ake ɓata ƙa'ida daga ciki. Microsoft ta karɓi lasisin Java, ta ƙara masa wasu abubuwa da ba sa aiki sai a kan Windows, ta yadda mai rubuta manhaja zai ɗauka yana rubuta abin da zai tafi ko'ina alhali ya ɗaure kansa. Sun ta kai ƙara a 1997, aka sasanta a 2001 bayan Microsoft ta amince ta biya dala miliyan 20. Dabarar ba ta mutu da wannan shari'a ba, domin har gobe kamfani kan ce yana bin ƙa'idar kowa, sannan ya ɗora wani ɗan ƙari mai daɗin amfani wanda babu shi a wajen kishiyarsa.

SOAP da REST: takarda mai hatimi da saƙon baka

Mafita ta fara bayyana ne da aka ce a daina tura saƙo cikin siffar da na'ura ɗaya kaɗai ke ganewa, a rubuta shi da haruffa, a bi da shi ta ƙofar da kowa ya bari a buɗe. Ƙungiyar W3C mai kula da ƙa'idojin yanar gizo ta amince da XML, wata siffar rubuta bayanai da haruffa, a Fabrairun 1998. A kansa aka gina SOAP, wanda Microsoft da IBM da wasu suka miƙa wa W3C a shekarar 2000. Saƙon SOAP kamar takardar ofis yake: yana da ambulan, da kai, da gangar jiki, sannan akwai wata takarda dabam mai suna WSDL da ke zayyana duk tambayar da taga ke karɓa da irin amsar da za ta bayar, filla-filla, ta yadda na'ura za ta karanta ta haɗa hanyar da kanta. Bankuna da kamfanonin inshora da gwamnatoci sun so wannan tsari domin komai a rubuce yake, kuma an ƙara masa dokokin sa hannu da ɓoye saƙo.

Sai dai ƙarin ya yi yawa. Takardun ƙa'ida masu farawa da WS suka yi ta fitowa, wasu ma suna karo da juna domin kamfanonin da suka rubuta su gasa suke yi, har ta kai a 2002 an kafa wata ƙungiya, WS-I, wadda aikinta shi ne ta faɗi waɗanne sassa na ƙa'idojin za a bi domin kayan kamfanoni su daidaita. Wato ƙa'idar da aka yi don haɗa kai sai da aka yi mata wata ƙa'idar. Abin dariya ma, harafin farko na sunan SOAP yana nufin "mai sauƙi", amma da aka fitar da bugu na 1.2 a 2003 sai aka daina fassara haruffan gaba ɗaya. Babban kundin nan na UDDI, wanda aka yi mafarkin zai zama kamar littafin lambobin waya na duk hidimomin duniya, IBM da Microsoft da SAP sun rufe nasu na jama'a a farkon 2006.

A gefe guda kuma, Roy Fielding, ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta ƙa'idar HTTP, ya bayyana wani salo a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a shekarar 2000, ya kira shi REST. Hujjarsa ita ce yanar gizo ta riga ta tanadi abin da ake buƙata: kowane abu a ba shi adireshi, sannan a yi amfani da 'yan umarnin da HTTP ke da su na ɗauko, da aikawa, da sauyawa, da sharewa. Da aka haɗa wannan da JSON, wata siffar rubuta bayanai mara nauyi da Douglas Crockford ya yaɗa a farkon shekarun 2000, sai masu rubuta manhaja suka yi ca a kai. Google ta daina ba da sabon izinin amfani da tagar bincikenta ta SOAP a ƙarshen 2006. Zuwan wayoyin zamani ya ƙarasa zancen, domin XML yana rubuta sunan kowane fili sau biyu, a buɗewa da rufewa, kuma wanda ke riƙe da waya a ƙauyukan Gada ko Tangaza, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ya san bambancin saƙo mai nauyi da mara nauyi.

Kuskure ne dai a ɗauka XML ya mutu. Ƙa'idar saƙonnin kuɗi ta duniya, ISO 20022, da shi aka fi rubuta ta, kuma a Nuwamban 2025 ne cibiyar SWIFT, mai isar da saƙonnin kuɗi tsakanin bankunan duniya, ta kammala mayar da umarnin biyan kuɗi tsakanin ƙasashe kanta. Katin da ake zurawa a na'urar POS kuwa saƙonsa ya daɗe yana bin wata ƙa'ida ta daban, ISO 8583, wadda ta samo asali tun 1987. Saboda haka kuɗin da ya tashi daga wayar ɗan kasuwa yana iya sauya riga sau biyu ko uku kafin ya isa, kuma a kowace mahaɗa akwai manhajar da ke tafinta.

Yare ɗaya, ma'ana dabam

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. REST salo ne, babu wata hukuma da ke duba taga ta ce ta cika sharaɗi ko ba ta cika ba, kuma JSON siffar rubutu kawai ya tsara, bai faɗi abin da za a rubuta ba. Kamfanoni biyu suna iya cewa duk REST suke yi, su faɗi gaskiya, amma wanda ya haɗa manhajarsa da na farko ba zai iya juya ta ga na biyu ba sai ya zauna ya sake aiki.

Na ga wannan a gidanmu. Wani ƙanena da ya karanta kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya haɗa wa wata makarantar kuɗi manhajar biyan kuɗin zango, tana aiki lafiya da wani kamfanin karɓar kuɗi. Da mai makarantar ta ga cajin ya yi mata yawa sai ta ce a koma wani kamfanin, shi kuma ya duba takardunsu ya ga duk JSON ne a kan HTTP, ya ce mata aikin yini ɗaya ne. Ya sauya adireshi da mabuɗin sirri, ya gwada, amsa ta dawo cewa an biya. Washegari da hantsi ta kira shi, ina zaune kusa da shi ina ji.

"Ɗana, zo ka gani, kuɗin makaranta sun koma kuɗin kabu-kabu."

"Hajiya, a yi haƙuri, ga ni nan tafe."

Abin da ya faru shi ne kamfanin farko da naira yake ƙirga, na biyu kuma da kwabo. Manhajar ta aika 45000 kamar yadda ta saba, sabon kamfanin ya karanta shi a matsayin kwabo 45,000, wato naira 450, ya cire wa iyaye hakan, manhajar kuma ta buga musu rasit cewa sun biya cif. Babu na'urar da ta yi kuskure, kowace ta yi abin da aka rubuta mata. Da ya zauna gyara sai ya tarar ba wannan kaɗai ba ne: sunayen filaye sun bambanta, yadda ake rubuta kwanan wata ya bambanta, hanyar da kowane kamfani ke sanar da cewa kuɗi sun shiga ta bambanta, kuma wani yana nuna gazawa da lambar kuskure ta HTTP, ɗayan kuma yana cewa saƙo ya iso lafiya sannan ya ɓoye labarin gazawar a cikin gangar amsar. Aikin yini ɗaya ya ci mako biyu, ban da zaryar bin iyaye su cika ragowar kuɗi.

Duk mai awon hatsi ya san wannan matsala. Mai saye da mai sayarwa Hausa ɗaya suke yi, kalmar tiya ɗaya suke furtawa, amma kwanon wata kasuwa ya fi na wata zurfi, kuma sai an zube hatsin a buhu ake gane an yi ciniki a kan abu biyu.

An yi ƙoƙarin rage wannan giɓi. Swagger, wanda ya fito a 2011 kuma ya koma OpenAPI a ƙarƙashin Gidauniyar Linux a 2015, hanya ce ta zayyana tagar REST a rubuce yadda na'ura za ta karanta, wato kusan aikin da WSDL ke yi wanda aka guje wa a baya. A 2015 ɗin ne Facebook ta saki GraphQL, wanda ke ba mai tambaya damar zaɓar filayen da yake so kaɗai, Google kuma ta saki gRPC, wanda ya koma tura saƙo a dunƙule domin sauri. Kowannensu yana da wurin da ya fi dacewa, amma babu wanda ya hana wani kamfani ƙirga da kwabo wani da naira.

Wa ke da tagar?

Tambayar da ta fi ta siffar saƙo nauyi ita ce ta mallaka. Bayan Oracle ta sayi Sun a 2010, ta maka Google a kotu kan cewa ta kwafi tsari da sunayen tagogin Java, kimanin layi 11,500, ta sa a Android. Shari'ar ta ɗauki fiye da shekara 10 kafin Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a Afrilun 2021, da rinjayen alƙalai 6 a kan 2, cewa abin da Google ta yi amfani ne da doka ta halatta. Masu ƙananan kamfanoni sun ji daɗin hukuncin domin kwaikwayon tagar babban kamfani ita ce hanyar da ƙarami ke bi ya ce wa abokan ciniki su dawo wajensa ba tare da sun sake rubuta komai ba. Haka kamfanonin ajiyar bayanai da dama ke yi da tagar S3 ta Amazon, wadda ta zama ma'aunin kasuwa ba tare da wata hukuma ta naɗa ta ba. Sai dai kotun ba ta yanke ko irin wannan tsari yana da haƙƙin mallaka ko ba shi da shi ba, kuma hukuncin na Amurka ne.

Ko babu kotu, mai taga yana iya rufe abinsa ko ya sa mata farashi. Google ta sauya tsarin cajin taswirarta a 2018, kuɗin ya haura wa masu amfani da yawa. A farkon 2023 Twitter ta sanar da kawo ƙarshen amfani da tagarta kyauta, manhajoji da masu bincike da suka dogara da ita suka tsaya cak. Shafin tattaunawa na Reddit ya bi sahu a shekarar, manhajar Apollo da mutane da yawa ke shiga shafin da ita ta rufe a ƙarshen watan Yuni. Duk waɗannan tagogi suna aiki a kan kowace irin na'ura, da kowane yaren kwamfuta. A ganina nan ne masu tallar manhaja ke yi wa mutane rufa-rufa, ko da gangan ko da rashin sani: ɗaurin da a da yake tsakanin manhaja da na'ura ya koma tsakanin manhaja da kamfanin da ke riƙe da uwar garke, wato kwamfutar da ke amsa buƙatun, an gudu ba a tsira ba.

A tilasta ko a bar kasuwa?

Masu goyon bayan hukuma ta tsara ƙa'ida ɗaya suna kafa hujja da Birtaniya, inda hukumar kula da gasa ta umarci manyan bankuna 9 su buɗe tagogi masu siffa ɗaya, aka fara a Janairun 2018. Tarayyar Turai ta kafa dokar PSD2 wadda ta wajabta buɗe tagar amma ba ta fayyace siffarta ba, sai ga ƙa'idoji sun fito barkatai, akwai ta Rukunin Berlin, akwai STET ta Faransa, akwai ta Poland, kuma ko bankunan da suka ɗauki ƙa'ida ɗaya kowanne da yadda ya fassara ta. Sakamakon haka wata sana'a ta bunƙasa, ta kamfanonin da ke tsayawa a tsakiya suna tafinta suna karɓar la'ada. Indiya ta bi hanyar cibiya ɗaya da tsarin biyan kuɗi na UPI a 2016, inda kowace manhaja ke iya biyan kowace.

Masu adawa kuma suna cewa ƙa'idar kwamiti tana tafiyar hawainiya, manyan kamfanoni ne ke cika kujerun kwamitin, kuma tarihin takardun WS ya isa darasi. Suna ƙarawa da cewa idan kowa ya bi ta cibiya ɗaya, ranar da ta samu tangarɗa kowa ya tsaya, kuma waɗanda suka sha layi a lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sa'ilin da tura kuɗi ya yi ta maƙalewa saboda cunkoso, ba za su ce wannan tsoro ba shi da tushe ba.

Najeriya ta ɗanɗana duka biyun. Tsarin tura kuɗi nan take na NIBSS da aka fara a 2011 ya yi aiki ne domin duk bankuna sun hau ƙa'ida ɗaya, shi ya sa mai asusu a kowane banki ke iya biyan mai albasa a kasuwar Achida. Lambar BVN ta 2014 ma haka. Tsarin buɗaɗɗen banki da Babban Banki ya zana a Fabrairun 2021 ya kasa bayanai gida huɗu gwargwadon haɗarinsu, ƙa'idojin 2023 kuma suka tanadi rajistar masu shiga tsarin da sharaɗin cewa ba a miƙa bayanan mutum sai da izininsa. Ra'ayina shi ne a wuraren da kowa dole ya bi, kamar kuɗi da shaidar ɗan ƙasa da bayanan lafiya, gara hukuma ta tsayar da ma'anar filaye ta wallafa kowa ya gani, ta bar kamfanoni su yi gasa a kan sauri da farashi.

Abin da ya shafi mutumin Sakkwato

Kuɗin tafinta ba ya ɓacewa, yana dawowa ne cikin cajin da mai POS ke karɓa da kuɗin manhajar da makaranta ke ɗora wa iyaye. Ɗan kasuwar Illela da ke ciniki da Birnin Ƙonni ya fi kowa sanin haka, domin naira da sefa kowace da tsarin bankunanta, kuma cike irin wannan giɓi ne ya sa aka ƙaddamar da PAPSS, tsarin biyan kuɗi tsakanin ƙasashen Afirka, a birnin Accra a Janairun 2022. A fannin lafiya, alƙaluman asibitocin ƙasar nan suna taruwa a manhajar DHIS2, don haka asibitin da ya sayi manhajar da ba ta iya miƙa mata bayani ya ɗora wa ma'aikacinsa aikin kwafe lambobi da hannu duk ƙarshen wata. Buɗe tagogi kuma yana da nasa haɗarin, domin izinin da mutum ya danna wa manhajar bashi ba tare da ya karanta ba yana iya ba ta damar leƙa shige da ficen asusunsa, ko da yake Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba shi ikon janye izinin.

Ga shugaban makaranta ko jami'in ma'aikata da ke shirin sa hannu a kwangila, jin cewa manhaja tana aiki a kan kowane dandali bai wadatar ba. Ya kamata ya nemi a nuna masa bayanin tagar a rubuce, ya tambayi wa ke da ikon sauya ta da kuma wata nawa za a ba shi kafin a sauya, sannan a rubuta cikin yarjejeniya cewa ranar da ya tashi tafiya za a ba shi bayanansa cikin siffar da wata manhaja za ta iya karantawa. Ƙanen nawa dai ya sake gina manhajar makarantar ta yadda duk abin da ya shafi kamfanin karɓar kuɗi yana cikin fayil guda, sauran manhajar ba ta san da wa ake hulɗa ba, kuma a layin farko na fayil ɗin ya rubuta wa duk wanda zai gaje shi cewa wannan kamfani da kwabo yake ƙirga.